Kilim, Tsohuwar Shimfiɗar Makiyaya: Yadda Ta Zama Dukiya da Abin da Sabuwar Dokar Turai Ke Nema a Kanta

Tun daga ranar 28 ga watan Yuni na 2025, wanda zai shigar da tsohon kayan tarihi cikin Tarayyar Turai daga wata ƙasa ta waje sai ya shirya amsa tambayar da a da ba kowa ke yi masa ita ba: ta wace ƙofa kayan nan ya bar ƙasar da aka yi shi? Da aka fara maganar dokar Tarayyar da ta kawo wannan tambaya, hankalin jama'a ya fi tafiya kan gumaka, tsofaffin rubuce-rubucen hannu da abubuwan da ake tonowa daga ƙasa. Sai dai ta shafi wata kasuwa da ba a cika jin ɗuriyarta ba, wato ta tsofaffin shimfiɗu da jakunkunan da matan makiyaya suka saƙa a Turkiyya, Iran, tsaunukan Kokesas da tsakiyar Asiya.

A cikin masu harkar an samu ruɗani. Wasu sun ɗauka an rufe ƙofa ke nan ga duk wata tsohuwar darduma. Wasu kuma suka ce abin bai ko kusance su ba. Maganar tana tsakiyar waɗannan biyun, kuma ba za a gane ta ba sai an fara sanin menene kayan, da yadda aka yi har ya yi tsada.

Mece ce kilim?

Darduma iri biyu ce. Akwai mai gashi, wadda ake ƙulla gajerun zaren ulu ɗaya bayan ɗaya a jikin zaren tsaye, sannan a aske saman ya yi laushi. Ita ce aka fi sani da kafet ɗin Farisa. Akwai kuma marar gashi, wadda zaren tsaye da na kwance ne kawai suke ratsa juna, kamar yadda masaƙinmu ke yin gwado ko luru. Wannan ta biyun Turkawa ke kira kilim, Farisawa su ce gelim.

Masaƙiyar kilim ba ta jefa ƙoshiya daga gefe zuwa gefe. Kowane launi da nasa ɗan ƙullin zaren, kuma da yatsu take tura shi ya kai iyakar inda zanen ya tsaya, ya juyo. Inda launi biyu suka haɗu a tsaye sai a sami 'yar tsaga. In ka ɗaga kilim ta Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, ka kalli rana ta cikinta, za ka ga haske yana ɓullowa ta waɗannan tsagogin. Wannan ne ya sa zanen yake zuwa da kusurwoyi da matakala kamar tsani: in tsagar ta yi tsawo shimfiɗar za ta yage, don haka dole a riƙa karya layi. Akwai wasu dabarun saƙar da ake haɗawa a wannan gida, irin su sumak, inda ake naɗe zaren tsaye da zaren launi har fuskar ta yi kama da ɗinkin hannu, da jijim da zili.

Masu saƙar galibi mata ne na ƙabilun da ke yawo da tumaki da raƙuma: Yoruk da Kurdawa a Anatoliya, Kashkai a lardin Fars na Iran, Shahsawan a filayen Mugan, da Baluchi da Turkumawa can gabas. Masaƙar tasu a ƙasa ake kafa ta da turaku, a tuge ta in za a tashi. Shi ya sa manyan kilim na Anatoliya, masu kai wa mita 4 a tsawo, sau da yawa ɓari biyu ne aka saƙa daban aka haɗe, kuma zanen ɓarin ba ya cika haɗuwa daidai. Kuma ba shimfiɗa kaɗai ake saƙawa ba. Akwai buhun hatsi, mangalar jaki da Turkawa ke kira heybe, jakar gishiri mai siririn wuya don kada dabba ta zura baki, zanen shimfiɗa gurasa, da akwatin saƙa na zuba kayan kwanciya. Mafi kyawunsu kayan ɗakin amarya ne.

Daga ƙunshin kaya zuwa bangon gidan tarihi

Ɗaruruwan shekaru Turawa suna sayen kafet mai gashi daga gabas, amma kilim ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Tsofaffin dillalai suna ba da labarin yadda ake naɗe dilolin kafet da ita a matsayin ƙunshi, in an isa a jefar. Har yau ma ratar farashin tana nan. Kafet mafi tsada da aka taɓa sayarwa a gwanjo mai gashi ce, ta Kirman da ke Iran daga ƙarni na 17, wadda gidan gwanjon Sotheby's ya sayar a New York a 2013 kan dala miliyan 33.7. Babu kilim ɗin makiyaya da ta taɓa kusantar wannan.

Abin ya juya ne a shekarun 1970. Idon masu kuɗin Turai da Amurka ya riga ya saba da zanen zamani mai manyan launuka da babu siffar mutum ko dabba a ciki, sai suka ga irinsa a saƙar matan da ba su taɓa jin sunan wani mai zane ba. A 1977 aka yi baje kolin kilim a zauren Whitechapel da ke Landan. A 1978 aka kafa mujallar HALI, wadda ta zama dandalin masu harkar. A 1990 gidan tarihin de Young na San Francisco ya baje tarin kilim na Anatoliya da iyalin McCoy Jones suka tara. Daga nan abin da ake takawa ya koma abin da ake ratayewa a bango.

Wani abin da ya ƙara tsadar shi ne ƙarewar rayuwar da ta haifi kayan. Daular Usmaniyya ta tilasta wa makiyayan yankin Chukurova da ke kudancin Turkiyya zama wuri ɗaya tun 1865. Rasha ta murƙushe Turkumawan Tekke a Goktepe a 1881. Sarkin Iran Reza Shah ya hana ƙabilun ƙasar yawon kiwo a shekarun 1930. Wanda ya zauna a gidan ƙasa ba ya buƙatar mangala kamar mai tashi sau biyu a shekara, kuma buhun roba ya zo ya ƙarasa sauran.

Da buƙata ta yi yawa, masu farauta suka bazama ƙauyuka. Wurin da suka fi samun tsofaffin kaya shi ne masallatai, domin al'adar Anatoliya ce iyali su kai kilim masallaci wakafi, musamman bayan rasuwa. Ana shimfiɗa sabuwa a kan tsohuwa, shekara da shekaru, ta ƙasa tana kwance ba rana ba takalmi. Hukumar wakafi ta Turkiyya ta tattara da yawa ta kai gidajen tarihi. Wasu kuma sun fita ta hanyar musaya da kafet ɗin inji, wasu ta hanyar sata. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan tushen rigimar takardu yake.

"Tsoho" a bakin wa?

A wurin kwastan na Amurka da yawancin 'yan kasuwa, kayan da ya kai shekara 100 shi ne tsohon kaya. A wurin masu tarawa na gaske, layin ya fi karkata ga rini: an yi ta ne kafin rinin kanti ya iso ƙauye ko bayansa?

Masaƙan da suna samun ja daga saiwar wani tsiro da Turkawa ke kira kok boya, wato rinin saiwa, shuɗi daga baba, rawaya daga furanni da ɓawon rumman. Kafin a tsoma ulu sai an jiƙa shi da alimun, irin wanda ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta, shi ke sa launi ya kama. A 1856 William Perkin ya haɗa rinin farko na sinadari a Ingila. A 1868 masana a Jamus suka haɗa jan da ke cikin saiwar nan a ɗakin gwaji, a 1897 kuma kamfanin BASF ya fara sayar da shuɗin baba na sinadari. Rinin kanti na farko-farko yana da arha da sauƙi, amma wasu launukan suna koɗewa su koma toka-toka, wasu kuma suna zuba cikin fari in ruwa ya taɓa su.

Shi ya sa za ka ga mai saye da ya san aikinsa ya juya shimfiɗa yana gwada launin gaba da na baya, ya buɗe ninkin zare da farce ya ga ko cikin ya fi wajen duhu, ya goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan ja. Yana duba baƙin ma: baƙin da aka rina da ƙarfe yana cinye ulu a hankali, sai ka ga wurin ya lotsa ko ya zube alhali sauran launukan suna nan. Haka kuma yana neman abin da suke kira abrash, wato inda launi ɗaya ya ɗan sauya ƙarfi a tsakiyar aiki saboda zaren tukunya ɗaya ya ƙare an ɗauko na wata. A masana'anta aibi ne. A nan kuwa shaida ce, har kuɗi take ƙarawa.

Duk wannan ƙiyasi ne. Kilim ba ta ɗauke da sunan masaƙiya, kuma da wuya a sami kwanan wata a jikinta. Akwai gwajin kimiyya na auna sinadarin kabon da ke cikin ulu, wanda wani mai bincike ɗan Suwizalan, Jürg Rageth, ya jagoranci yin sa a kan kilim na Anatoliya a shekarun 1990, kuma ya nuna wasu sun kai ƙarni na 15 zuwa na 17. Matsalar ita ce gwajin yana rikicewa a kan abin da aka yi tsakanin wajen 1650 da 1950, yakan ba da zamani biyu ko uku da duk za su iya zama daidai. Mafi yawan kayan da ke kasuwa kuwa a cikin wannan tsakanin suke.

Inda babu tabbas, algus ba ya rasa wuri. Ana warware zaren tsohuwar kilim da ta lalace a saƙa sabuwa da shi, ta yadda ko gwajin kabon zai ce tsohuwa ce. Ana wankewa da sinadari, ana shanyawa a rana. A Doshemealti kusa da Antalya, in an gama girbi, gonaki kan cika da dubban dardumai da aka baza don rana ta tausasa launinsu. Wannan a fili ake yi, ba laifi ba ne, sai in mai sayarwa ya ɗora ƙaryar shekaru a kai. Masana ma sun taɓa faɗawa rami. A 1989 James Mellaart, wanda ya tono tsohon garin Chatalhoyuk da ke Turkiyya, ya fitar da zane-zanen da ya ce ya kwafo daga bangon gidajen wurin, masu kama da na kilim, abin da ke nufin saƙar tana da asali na kusan shekara 8,000 da alaƙa da bautar wata uwar allahiya. Kasuwa ta yi maraba da labarin. Wata masaniyar saƙa Ba'amurkiya, Marla Mallett, ta nuna zane-zanen ba su dace da rahotannin tonon da shi kansa ya rubuta a shekarun 1960 ba, kuma binciken takardunsa bayan rasuwarsa ya ƙarfafa zargin ƙirƙira. Duk da haka har gobe ana sayar da kilim da wannan labarin.

Abin da dokar ta ce

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/880 ta kasa kaya hawa uku. Hawa na farko hani ne na bai ɗaya, wanda ya fara aiki tun 28 ga Disamba, 2020: ba a shigo da kayan al'ada da aka fitar daga ƙasarsa ta haramtacciyar hanya, komai arharsa. Hawa na biyu shi ne kayan tono da ɓangarorin gine-ginen tarihi da suka haura shekara 250, waɗannan sai da lasisi. Hawa na uku, inda saƙa ke iya faɗawa, shi ne kayan da ya haura shekara 200 kuma darajarsa ta kai Yuro 18,000. Shi ba ya buƙatar lasisi, amma mai shigowa zai cike takardar shaida ta intanet cewa an fitar da kayan bisa doka, kuma yana da hujja a hannu in an nema.

An bar ƙofa ɗaya. In ba a iya tantance ƙasar asali ba, ko kayan ya bar ta kafin 24 ga Afrilu, 1972, ranar da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan al'ada ta fara aiki, ya isa a nuna ya fito bisa doka daga ƙasar ƙarshe da ya zauna fiye da shekara 5. Sannan dokar ba ta shafi abin da aka yi a cikin Tarayyar ba. Kilim ɗin Chiprovtsi ta Bulgeriya ba ruwanta, amma ta Pirot da ke Sabiya, can tsallaken dutse kaɗan, tana ciki.

In aka yi lissafi, yawancin kilim da mangala da ke shaguna na ƙarshen ƙarni na 19 ne zuwa farkon na 20, kuma farashinsu bai kai Yuro 18,000 ba. Su ba a neman takardar shaida a kansu. Waɗanda abin ya kama su ne 'yan ƙalilan na sama, tsofaffin gaske, waɗanda kuma su ne aka fi zargin sun fito daga masallatai. Akwai wani juyi a nan: dillalin da ya saba cewa kayansa na ƙarni na 18 ne don ya ɗaga farashi, yanzu da bakinsa yake jawo wa kansa neman takardar da ba shi da ita. In ya rage shekarun kuma ya rage kuɗin. Gaba kura, baya sayaki.

Dokokin da suka riga ta

Turai ba ta ƙirƙiro haramcin ba, tana tilasta bin dokokin ƙasashen asali ne. Turkiyya tana da doka mai lamba 2863 ta 1983, wadda ta hana fitar da kayan tarihi, kuma tsohuwar darduma sai masanin gidan tarihi ya duba ta kafin ta fita. A 2021 ta ƙulla yarjejeniya da Amurka ta taƙaita shigar da wasu kayan tarihinta can.

Kayan Iran kuwa matsalarsu ta daban ce, ta takunkumi. Amurka ta hana shigo da dardumar Iran a 1987, ta buɗe a 2000, ta rufe a 2010, ta sake buɗewa a farkon 2016 bayan yarjejeniyar nukiliya, ta kuma rufe a watan Agustan 2018. Hanin yana bin asalin kaya, ba inda yake zaune ba. Jakar Kashkai da ta shekara 80 a wani gida a Jamus, a idon wannan doka 'yar Iran ce.

Masu goyon baya da masu kuka

Hujjar Tarayyar Turai, tun da ta gabatar da daftarin a 2017, ita ce wawushe wuraren tarihi da aka yi a Siriya da Iraƙi da fargabar cewa kuɗin na shiga hannun 'yan ta'adda. Masana tarihi da hukumomin ƙasashen asali suna ƙara da cewa muddin mai saye ba ya tambaya, ɓarawo ba zai rasa kasuwa ba, kuma kayan wakafi tun farko ba mallakin wanda ya sayar ba ne. A ganinsu, neman takarda shi ne abu mafi ƙanƙanta da za a ɗora wa mai biyan dubban Yuro.

'Yan kasuwa, ta bakin ƙungiyarsu ta duniya CINOA da makamantanta, suna cewa an yi dokar gumaka an jefa kowa a ciki. Suna nuni da rahoton cibiyar RAND ta Amurka na 2020, wanda ya ce girman haramtaccen cinikin kayan tarihi bai kai yadda ake zuzutawa ba. Suna kuma tambaya: wa ya ajiye rasiɗin abin da kakansa ya saya a kasuwar Istanbul a 1965, lokacin da ba wanda ke bayarwa? Sannan wace ce ƙasar asalin jakar da Bakurdiya ko 'yar Shahsawan ta saƙa, alhali ƙabilarta tana ƙetare iyakar da ba a ma shata ba a lokacin?

Kowane ɓangare yana da inda ya fi ƙarfi. Masu goyon baya sun yi gaskiya cewa wasu fitattun kayan sun fita ta ɓarauniyar hanya. 'Yan kasuwa kuma sun yi gaskiya cewa rashin takarda ba shi ne shaidar sata ba, domin kayan halal ma ba su da ita. Dokar ba ta da hanyar rarrabe biyun sai ta takarda.

Wa zai ji a jikinsa?

Abu na farko da ake sa ran gani shi ne rabuwar farashi. Kilim ɗin da ta taɓa fitowa a kundin gwanjo ko hoton baje koli na shekarun baya za ta fi 'yar'uwarta da ta fi ta kyau amma ba ta da tarihi a rubuce. Kayan da suka riga suka shiga Tarayyar suna yawo a cikinta ba shamaki, don haka dillalin Jamus ko Italiya ya sami fifiko a kan na Landan, New York ko Istanbul. Manyan gidajen gwanjo suna da lauyoyi da ma'aikatan bincike. Ƙaramin ɗan kasuwa shi zai fi ɗanɗana kuɗar, ko da kayansa bai kai layin ba, domin kwastan na iya tsare kaya har sai an tabbatar da shekarunsa.

Masu gyara, irin na garin Sultanhani a lardin Aksaray na Turkiyya da ya shahara da ɗinke tsofaffin dardumai daga ƙasashe daban-daban, aikinsu ya dogara ga kaya su shiga su fita cikin sauƙi. Masaƙan yau kuwa dokar ba ta taɓa su, tana iya ma taimaka musu in masu saye suka karkata ga sabon aiki mai rinin gargajiya, irin wanda shirin DOBAG ya farfaɗo da shi a 1981 a ƙauyukan Ayvajik da Yuntdag na Turkiyya, ƙarƙashin masanin sinadarai Harald Böhmer da Jami'ar Marmara. Jikokin matan da suka saƙa tsofaffin kayan dai ba su cikin lissafin kowa, ko an sayar ko an tsare.

Alhazai da 'yan kasuwarmu masu sayo darduma da kafet na inji daga Makka, Dubai ko Istanbul ba abin da ya shafe su. Wanda ya kamata ya kula shi ne mai harkar tsofaffin kayanmu na gida. Manyan riguna na saƙi da tsamiya masu aikin aska takwas, da tsofaffin luru da kayan doki, suna da masu nema a waje, kuma irinsu na ƙarni na 19 suna ajiye a gidajen tarihin Landan da Berlin. Kaɗan ne daga cikinsu za su haura shekara 200, amma hanin bai ɗaya ba ya jiran wannan. Dokar Najeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannun da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana sayar da shi ga wanda hukumar ba ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da shi sai da izininta. Rigar gado da ta fita ba wannan izinin, a Legas laifi ce tun da daɗewa, yanzu kuma jami'in kwastan na Faris ko Hambog yana da hurumin riƙe ta.